Takardun Gado: A Jera Su Bisa Batu, Ko A Bar Su Yadda Mai Su Ya Ajiye?

Bayan sadakar arba'in ta baffana, Allah ya jiƙansa, aka buɗe ɗakinsa na soro aka tarar da adaka uku da buhu ɗaya, duk cike da takardu. Ya daɗe yana muhuti a kotun En'e kafin ya zama alƙali, kuma mutum ne da ko rasit ɗin kananzir ba ya yarwa. Yayyena suka ce tunda ni na yi boko mai nisa, ni zan gyara su. Na shimfiɗa tabarma a zaure na kama aiki: wasiƙu nan, rasit can, takardun shari'a gefe guda, waƙoƙin ajami da addu'o'i gefe guda. Duk inda na ga fil ya yi tsatsa ya haɗe takardu, sai na zare shi na kai kowace wajen irinta. Kwana huɗu na yi a kan adakun nan, kowa ya sa mini albarka. Buhun ne kaɗai ban kai gare shi ba.

Shekara biyu da yin haka rigima ta taso a kan wata gona. Gwaggo ta ce ta tabbata Malam saye ya yi, kuma takarda tana nan. Na duba tarin rasit, na sami wata 'yar takarda: fam goma sha biyu, sa hannun mutum biyu, ba sunan gona, ba shekara. Nan na tuna da idona na gan ta maƙale da wasiƙar wani dagaci da wani zanen iyakoki na fensir. Wasiƙun dagatai a tarin sun haura arba'in. Wacce ce tata? Ko takarda ɗaya ba ta ɓata ba, amma fil ɗin da na zare shi ne yake shaida cewa kuɗin nan na gonar nan ne.

Duk wanda aka danƙa wa takardun makaranta, ko ƙungiya, ko fada, ko masallaci, ko gidan malamai, a mararrabar nan zai fara tsayawa, kuma yawanci bai ma san mararraba ce ba. Ko dai ya jera su bisa batu, ko ya bar su bisa asalinsu.

Jeri bisa batu yana da hujjarsa, ba zan raina shi ba. Shi ne tsarin da muka buɗe ido da shi: malami ya ware littattafan tauhidi daban, fiƙihu daban, nahawu da lugga daban, haka ɗakin karatu na jami'a. Ba ya bukatar ka san tarihin mai takardun. Yaro ma in an nuna masa zai iya, kuma wanda ya zo neman zancen haraji zai tarar da kwali an rubuta haraji a jikinsa. Ga littafin da aka buga, wannan tsari ba shi da aibi, domin littafi yana ɗauke da shaidarsa a jikinsa. Sunan marubuci da maɗaba'a da shekara duk suna bangonsa, ko a wace kanta ka ajiye shi bai rage komai ba.

Takardar aiki ba haka take ba. Ba a rubuta ta don ta tsaya ita kaɗai ba. Amsa ce ga wata takarda, ko umurni ne da wata za ta biyo bayansa, don haka rabin ma'anarta yana wajen maƙwabtanta. "An karɓa, a yi yadda aka ce" jimla ce da ba ta da amfani sai in ka san abin da ke gabanta. Ban da wannan, takarda ɗaya kan taɓo batu uku. Hakimi ya rubuto wasiƙa a kan jangali, a ciki ya ce cutar bushiya ta kashe shanu shi ya sa kuɗin ya gaza, ya ƙara da cewa Fulanin sun ƙetara ƙasar wani hakimi saboda rikicin burtali. Wane kwali za ka sa ta? Duk wanda ka zaɓa, ka ɓoye ta ga mutum biyu. Kuma batun da ya dami mutanen yau ba shi zai dami na gobe ba. Wanda ya jera takardu shekara sittin da suka wuce bai ware kwali na fari da gurgusowar hamada ba, bai ware na sana'o'in mata ba, ga shi yau su ake nema ruwa a jallo.

Ba mu muka fara faɗawa ramin nan ba. Bayan juyin juya halin Faransa na 1789, gwamnati ta tattara takardun coci-coci da gidajen sarauta da tsofaffin ofisoshi, aka yi ta rarraba su bisa batu. Sai da aka ga ɓarnar da hakan ke yi, a 1841 aka fitar da umurni ga ma'adanun larduna, bisa shawarar wani masani mai suna Natalis de Wailly, cewa takardun da suka fito daga ofis ɗaya ko gida ɗaya ko mutum ɗaya a bar su tare, kada a gauraya su da na wani. A 1881 ma'adanar gwamnatin Prusiya a Balin ta ƙara mataki: ko a cikin takardun ofis ɗayan ma, a bar jerin da ofishin ya yi musu lokacin da yake aiki da su. A 1898 wasu masana uku na ƙasar Holan suka tattara waɗannan ƙa'idoji a littafin koyarwa, daga nan suka bazu duniya. Ƙa'ida biyu ke nan: kada ka haɗa na wani da na wani, kada kuma ka wargaza jerin mai abu.

Wanda ya taɓa zama a ɗakin bincike na Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna ya ga wannan tsari a aikace. Masanin tarihi Kenneth Dike ne ya kafa hukumar a Ibadan a 1954, daga baya aka buɗe rassa a Kaduna da Inugu. A Kaduna ba za ka sami kantar jangali ko kantar kuturta ba. Abin da za ka gani shi ne SNP, wato takardun Sakatariyar Lardunan Arewa, sai KANOPROF da SOKPROF da ZARPROF, wato na ofisoshin lardunan Kano da Sakkwato da Zariya, da sauransu. Tambayar da mai bincike zai yi wa kansa ita ce: wane ofis ne abin nan ya bi ta hannunsa? In ya gano, zai ga rahoton Di'o, jami'in mulkin Turawa na gunduma, ya ga abin da Razdan, shugaban lardi, ya rubuta a kai, ya ga amsar da ta zo daga sama, duk a fayil ɗaya, bi da bi. Daga nan yake sanin wa ya faɗi me, da kuma wanda aka yi watsi da maganarsa.

Tsarin yana da tsadarsa. Baƙo yana shan wahala a kwanakin farko, domin sai ya san yadda mulkin ya kasance kafin ya san inda zai duba. Akwai kuma abin da ya fi damuna: jerin asali idon mai takardun ne. Fayil ɗin Razdan an sa masa suna ne bisa abin da ya dami Razdan. Manomi da majemi da matar da ta kai ƙara suna ciki, amma sunan fayil ba ya nuna su. In ka tsaya ga jerin asali kawai ba ka yi wani ƙarin aiki ba, ka bar talakawan nan a binne yadda Bature ya binne su.

To me ya sa duk da haka nake cewa a zaɓi asali? Dalilin ɗaya ne, kuma a ganina ya rinjayi duk sauran. In takardu suna nan bisa asalinsu, kana iya yi musu fihirisa ta batu iri goma, a littafi ko a kwamfuta, ba tare da ka motsa ko warƙa ɗaya ba. Wasiƙar hakimin nan sai ta fito a ƙarƙashin jangali, ta fito a bushiya, ta fito a burtali, alhali tana kwance a wuri ɗaya. In gobe wani ya zo da sabon batu, sai a ƙara layi. Amma in ka riga ka rarraba su da hannu bisa batu, ba fihirisar da za ta mayar da su yadda suke. Duk amfanin da jerin batu yake bayarwa ana samunsa daga jerin asali, amma ba a samun na asali daga na batu. Ruwa in ya zube ba ya kwasuwa.

A gidajen malamai haɗarin ya ninka. Littattafanmu na rubutun hannu ba ɗinka su ake yi ba. Warƙoƙi ne a sake, a sa su tsakanin tadarishi, a ɗaure da igiyar fata, a zura a gafaka. Sau da yawa ba lambar shafi, abin da ke riƙe jerin shi ne kalmar nan guda da marubuci yake sawa a ƙasan shafi, wadda da ita shafi na gaba zai fara. In iska ta kwashi warƙoƙi ko hannu ya birkita su, sai wanda ya iya karatun ya zauna yana bin kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya. Kuma gafakar malami ba littafi ɗaya kawai take ɗauke da shi ba. Tsakanin warƙoƙi za ka ga 'yar takardar da ya rubuta wata mas'ala da aka tambaye shi, ko ijazar da malaminsa ya ba shi, ko ranar haihuwar ɗa a gefen shafi, ko wasiƙar almajiri daga wani gari. Zaman 'yar takardar nan a babin gado, ba a babin tsarki ba, labari ne. Wanda ya zare ta ya kai ta kwalin wasiƙu ya share labarin. Haka in aka haɗa littattafan malamai biyar aka jera su bisa fanni, an sami ɗakin karatu mai kyau, amma an rasa amsar wata babbar tambaya: me malam wane ya karanta, daga wa ya ɗauka, wa ya ba aro?

Ɗaukar hoto da waya ma bai fita daga wannan ba. Na ga samari masu kyakkyawar niyya sun ɗauki hoton warƙa dubu, suka tura ta WhatsApp, jerin ya rikice, ba wanda ya san wace warƙa ce daga wace gafaka. Kowace gafaka a ba ta lamba, a buɗe mata jakarta a kwamfuta, hoton farko ya zama na gafakar a rufe.

Akwai inda jerin batu ya halatta. Littattafan bugu da mujallu a kai su kanta bisa fanni, sai dai in mai su ya cika gefensu da rubutunsa, to sun zama takardunsa. Abin da kai da kanka kake tarawa daga wurare daban-daban, kamar fastocin siyasa ko yanke-yanken jarida, kai ne mai jerinsa, yi yadda ka so, illa ka rubuta inda kowane ya fito. Sai kuma takardun da ambaliya ko gobara ko ƙaura ta riga ta hautsina, aka kwashe su a buhu ba kai ba gindi. Nan ba jerin da za a kiyaye, amma ko a nan ya fi kyau ka bi ayyukan mai su, wato na alƙalanci daban, na noma daban, na karantarwa daban, maimakon batutuwan da ke kanka. Sai dai a yi hattara da saurin cewa ba jeri. Abin da ya yi maka kama da hargitsi a ranar farko, in ka ba shi mako guda kana dubawa ba ka taɓawa, sau da yawa za ka gane mai shi yana da dabararsa.

In an gama da jeri, saura bayani, kuma nan ma hanya biyu ce. Ko ka fara daga ƙasa, ka ɗauki takarda ta farko ka rubuta wa ya aiko, wa aka aika wa, yaushe, a kan me, sannan ka ɗauki ta biyu. Ko ka fara daga sama, ka bayyana tarin gaba ɗaya a shafi guda, sannan sahu-sahunsa, wato rukunonin takardun aiki iri ɗaya, sannan fayil-fayil, ka sauka ƙasa gwargwadon lokaci da ƙarfi.

Zuciya ta fi karkata ga ta farko, domin tana kama da aiki na gaskiya. Amma a yi lissafi. A ɗauka kana da kwali 20, kowane da takarda 1,000, kowace ta ci minti 10. Awa 3,300 ke nan da 'yan kai. In kana awa shida kullum ba fashi, ka haura kwana 550. Abin da ya saba faruwa shi ne a gama kwali biyu da kyau, sai kuɗi ya ƙare, ko a yi wa ma'aikacin canjin wurin aiki, ko ɗan bautar ƙasa ya gama shekararsa, sauran goma sha takwas su zauna ba wanda ya san abin da ke ciki, sai gara.

Ƙa'idar bayanin takardun ma'adana da ake kira ISAD, wadda Majalisar Ma'adanu ta Duniya ta fitar a 1994 ta kuma sabunta a 2000, daga sama take farawa. Tana da gurabe 26 da za a iya cikewa, amma shida ne na tilas: lamba, suna, wanda takardun suka fito daga gare shi, shekarun da suka ƙunsa, yawansu, da matakin da ake bayyanawa, wato tari ne ko sahu ko fayil ko takarda guda. Abin da ka faɗa a sama ba ka maimaita shi a ƙasa. Tarihin rayuwar alƙalin sau ɗaya za a rubuta shi, ba a kan kowace wasiƙa ba. Da wannan, a mako biyu kwali 20 ɗin nan duk sun sami suna da shekaru da taƙaitaccen bayani, mai nema ya san wanda zai buɗe. Kuma a nan ne ake tono mutanen da sunan fayil ya binne: a gurbin abin da ke ciki sai ka rubuta cewa akwai ƙararrakin mata a kan sadaki da gado, akwai sunayen unguwanni da sana'o'i.

A 2005 wasu masana biyu a Amurka, Mark Greene da Dennis Meissner, suka tayar da ƙura da wata maƙala. Sun ce ma'adanu sun cika da tarin da ba a taɓa ba saboda ma'aikata suna ɓata lokaci wajen cire kowane fil da sauya kowane fayil, gara a rage ƙyale-ƙyale a buɗe wa jama'a. Na yarda da su a kan bayani, amma a kan fil sai an duba wuri. Su suna magana ne a kan ɗakunan da na'ura ke riƙe sanyi da danshi dare da rana. Mu a damina ƙarfe yana cin takarda har ya huda ta, ya bar jan tabo. Don haka a cire fil mai tsatsa, amma a naɗe takardun da ya haɗa a cikin farar takarda guda, su ci gaba da zama tare. Wannan ɗan abu ne da ban sani ba a zauren baffa.

Bayanin takarda ɗaya-ɗaya yana da wurinsa, kuma inda ya dace ba a yi masa rowa. Littafin rubutun hannu dole a bayyana shi shi kaɗai: mawallafi, wanda ya kwafa, farkonsa da ƙarshensa, yawan warƙoƙi, Larabci ne ko ajamin Hausa ko na Fulatanci, har da tambarin takardar in an ɗaga ta ga haske, kamar mai jinjirin wata uku da ake kawowa daga Italiya, domin yana taimakawa wajen kintatar zamani. Haka takardun filaye da gonaki, da wasiƙun sarakuna masu hatimi. Shekara a rubuta ta yadda take a takardar, in ta Hijira ce a bar ta, a sa ta Miladiyya a gefe. Sunaye kuma a tsayar da rubutu ɗaya a jera sauran a ƙarƙashinsa, don Muhammadu da Mamman da Mahamadou na iya zama mutum ɗaya, kamar yadda Damagaram da Zinder gari ɗaya ne. Kada kuma a manta gurbin wa aka yarda ya gani. Takardun alƙali cike suke da sakin aure da bashi da rigimar gado na mutanen da jikokinsu suna raye, kundin malami kuma yana iya ƙunsar laƙanin da iyalinsa ba su yarda a baza ba.

Masu riƙe da takardun hukuma suna da wata matsala ta daban. In an ce a bar takardu ƙarƙashin ofishin da ya samar da su, wane ofis? Ɗauki rajistar filaye guda a Gusau da aka yi ta cikewa shekara da shekaru. An fara ta a Lardin Sakkwato na Jihar Arewa, a 1967 ta shiga Jihar Arewa maso Yamma, a 1976 Jihar Sakkwato, a 1996 Zamfara, ban da sauye-sauyen sunan ma'aikatu a tsakani. A Ostareliya, inda suka sha irin wannan, wani ma'aikacin ma'adana mai suna Peter Scott ya kawo mafita a shekarun 1960: a ɗauki sahun takardun a matsayin ginshiƙi, a bayyana ofisoshin daban, sannan a ɗaura kowane ofis a kan sahun da shekarun da ya riƙe shi. Ga ma'aikatar gwamnati a ƙasarmu wannan ya fi dacewa. Ga takardun mutum ɗaya ko gida ɗaya ba a bukatarsa.

Zancen kayan aiki gajere ne. Manhajar AtoM kyauta ce kuma a kan ƙa'idojin nan aka gina ta, amma tana son mai kula da ita da wuta tsayayya. Ga adaka uku, Excel da babban littafin rajista sun wadatar, muddin kowane gurbi yana da layinsa, don in an tashi ƙaura zuwa manhaja a kwashe cikin sauƙi. Wanda abin ya fi ƙarfinsa ya nemi shawara kafin ya taɓa komai, a Gidan Arewa da ke Kaduna, ko Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ko Gidan Ɗan Hausa a Kano, ko sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai.

Buhun baffa da ban taɓa ba, sai bayan rigimar gonar na buɗe shi. Ɗauri goma sha ɗaya ne, kowane da tsumma ko zare. Ban kwance ko ɗaya ba sai da na ba su lamba da fensir yadda suka fito, na ɗauki hotonsu. Da na bi su a hankali na gane kowane ɗauri gari ne da ya yi aiki a cikinsa, kuma a ciki sabuwar takarda ce a sama, tsohuwa a ƙasa. Bayaninsu duka shafi biyu ya ci. Maganar gona dattawan unguwa ne suka raba ta da shaidar baki. Rasit ɗin fam goma sha biyu yana nan a ambulan shi kaɗai. A bayan ambulan na rubuta cewa da yana maƙale da wasiƙar dagaci da zanen iyakoki, ni na raba su, na sa sunana da kwanan wata, don wanda zai buɗe adakar bayana ya san wannan maganata ce, ba rubutun baffa ba.